Annobar korona ta wuce, amma mahaifiyata mai ciwon huhu ta kasa fitowa daga ɗaki

Tambaya: "Likita, mahaifiyata tana da shekara 64. Ta daɗe tana fama da asma, daga baya aka ce tana da COPD, wato ciwon huhu na dindindin mai ƙuntata hanyoyin iska. Kafin korona tana fita harkokinta, tana shan maganinta, in ciwon ya tashi a kai ta asibiti ta dawo. Da annobar ta zo muka killace ta, har jikokinta muka hana su shiga wurinta. Alhamdulillahi ba ta kamu ba, amma tun daga lokacin ba ta koma yadda take ba. Ba ta son fita, ba ta son baƙi, in wani ya yi tari kusa da ita sai jikinta ya hau rawa. Na'urar auna oksijin kullum tana yatsanta. Cikin dare takan farka ta ce numfashinta zai ɗauke, mu garzaya asibiti a ce ba abin da ya ƙaru a huhun. Da ta ji labarin wata cuta ta ɓulla a wata ƙasa sai barci ya ƙaurace mata. Shin huhun ne ko damuwa ce? Kuma in wata annobar ta sake zuwa, yaya za mu kare ta ba tare da mun sake jefa ta cikin wannan hali ba?"

Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma 'yar'uwa Allah ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi da ita. Abu biyu kike son sani: daga ina wannan sarƙewar numfashi ta dare take fitowa tunda gwaji bai nuna huhun ya ƙara lalacewa ba, sannan yaya ake kare mai ciwon huhu daga annoba ba tare da an rufe masa rayuwa gaba ɗaya ba. A aikina na asibitin masu ciwon ƙirji, wannan hali da kika zana ya zame mana sananne tun bayan korona. Abin da zan fara gaya miki shi ne, a wurin mai ciwon huhu da wuya a raba numfashi da fargaba. Kowanne yana tayar da ɗan'uwansa, kuma in aka yi maganin ɗaya aka bar ɗaya, ba a je ko'ina ba.

Abin da annobar ta yi wa masu ciwon numfashi

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Kowa ya tsorata, amma ki duba yadda saƙon ya shiga kunnen Mama. Alamomin da ake ta shelar a kula da su, wato tari da haki da nauyin ƙirji, su ne abin da take kwana da su take tashi da su shekara da shekaru. Ke in kin yi tari, baƙon abu ne da zai zo ya wuce. Ita kuwa kowace safiya sai ta tambayi kanta, wannan tarin nawa na kullum ne ko kuwa ita ce ta zo? A kan haka kuma aka riƙa nanata mata cewa irinta ne kan gaba wajen mutuwa, ga labaran asibitocin da oksijin ya ƙare musu. Mutumin da bai taɓa neman iska ya rasa ba yana jin wannan a matsayin labari. Wanda ya taɓa ɗanɗanawa, jikinsa ne yake tuna masa.

Sai kuma kallon mutane. Marasa lafiyata da yawa sun ce mini abin da ya fi ci musu rai shi ne yadda ake darewa in tari ya kama su a cikin jama'a. Wasu suka koyi danne tari, wasu suka daina fita don gudun kunya. A daidai lokacin kuma aka dakatar da ganin likita na yau da kullum a wurare da dama, aka tsayar da gwajin hura iska da ake auna ƙarfin huhu da shi saboda yana watsa ƙwayoyin cuta, aka rufe azuzuwan motsa jiki na masu ciwon huhu. Ko tarin fuka, wato TB, bai tsira ba: adadin waɗanda aka gano suna da shi aka ba da rahotonsu a duniya ya faɗo daga miliyan 7.1 a 2019 zuwa miliyan 5.8 a 2020, ba don cutar ta ragu ba, sai don mutane ba sa isa asibiti. A Maris 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa ciwon fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya a shekarar farko ta annobar. Masu ciwon huhu kuwa tun kafin korona sun fi sauran mutane fama da waɗannan biyun.

Kada ku zargi kanku a kan killace ta da kuka yi. Mai COPD yana cikin haɗarin gaske in korona ta kama shi, musamman kafin a fara allurar rigakafi a ƙarshen 2020, kodayake mai asma da ciwonsa ke kwance bai shiga haɗarin da aka yi tsammani da farko ba. Takunkumi da nisantar cunkoso ma sun yi wani amfanin da ba a zata ba, domin a ƙasashe da dama kwantar da masu COPD a asibiti saboda tashin ciwon ya ragu da kusan rabi, tunda mura da sauran cututtukan da ke tayar da shi sun yi ƙaranci. Matsalar ita ce an gaya wa Mama ranar shiga ɗaki, ba wanda ya zauna da ita ya gaya mata ranar fita. A 5 ga Mayu 2023 aka janye matsayin gaggawa na annobar, amma sanarwa ba ta goge abin da jiki ya koya cikin shekara uku. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Yadda tsoro yake toshe numfashi

A nan nake son ki tsaya sosai, don in kin gane wannan za ki daina ganin abin kamar raki. A COPD hanyoyin iska sun ƙuntata, kuma fitar da iska ya fi shigar da ita wuya. Mama tana buƙatar lokaci mai ɗan tsawo kafin ta gama fitar da numfashi ɗaya. To da ta farka cikin dare ta ji ɗan nauyi a ƙirji, gabanta ya faɗi, sai jiki ya yi abin da yake yi in ya ga haɗari: zuciya ta hau bugawa, numfashi ya koma gajere da sauri. Saurin nan ya hana ta gama fitar da iskar farko kafin ta jawo ta biyu. Tsohuwar iska ta taru, huhu ya cika ya kumbura, sabuwa ta rasa wurin shiga. Ita abin da take ji shi ne iska ta ƙi shiga, sai ta ƙara ja da ƙarfi, abin ya ƙara muni. Wani lokaci har da jiri da jin yatsu da leɓe kamar ana tsira musu allura. Kafin ku isa asibiti ta ga mutane a kanta, hankalinta ya ɗan kwanta, numfashin ya daidaita, likita ya auna ya ce lafiya lau. Likitan bai yi ƙarya ba, ita ma ba ta yi ba.

Akwai wani abu na biyu da ke tafiya a ɓoye. Wanda ya yi watanni daga gado sai kujera, tsokar cinyarsa da ta ƙafarsa tana zubewa, ga kuma shekaru. Tsoka mara ƙarfi ta fi neman oksijin a kan aiki kaɗan, saboda haka tafiyar da Mama take yi a da ba tare da ta kula ba yanzu takan sa ta haki. Ita kuma sai ta fassara hakin da cewa huhun ne yake ƙarewa, ta ƙara rage motsi, tsokar ta ƙara narkewa. Da yawa daga cikin waɗanda suka dawo mini bayan kulle suna cewa ciwonsu ya ninka, da muka sake gwajin huhu sai muka tarar bai yi nisa da inda yake a da ba. Ƙafafun ne suka mutu, tare da ƙarfin gwiwa.

Magungunan ma suna da hannu. Salbutamol, wanda ke cikin abin shaƙa na buɗe ƙirji, yana sa rawar hannu da bugun zuciya in an yawaita shi, kuma waɗannan su ne ainihin alamomin firgici. Mai tsoro yakan yi ta fesawa, maganin ya ƙara masa abin da yake tsoro. Ƙwayar prednisolone tana iya hana barci, ta kawo saurin fushi ko ƙunci. Theophylline ma yana sa rashin natsuwa. Montelukast kuwa, a Maris 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ɗora masa gargaɗi mafi ƙarfi saboda yana iya taɓa yanayin rai da barci, har da munanan mafarkai. Ban ce ta daina ko ɗaya daga cikinsu da kanta ba. Ki tattara duk abin da take sha a jaka ɗaya ku kai wa likitanta ya duba.

Abin da ya kamata a fara cirewa

Ban ga Mama ba, ban saurari ƙirjinta ba, don haka ba zan yanke daga nesa cewa fargaba ce kaɗai ba. Farkawa cikin dare da sarƙewar numfashi a mai shekara 64 yana iya zama alamar raunin zuciya, musamman in ƙafa tana kumbura ko kuma ba ta iya kwanciya sai ta tara matashin kai. Yana iya zama asmar ce ba ta kwanta ba, domin ita dama cikin dare da asuba ta fi tashi. Ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo mai sa bugun zuciya, ɗaukewar numfashi cikin barci ga mai minshari, da ruwan ciki mai tsami da ke hawowa maƙogwaro, duk suna iya kawo irin wannan. Ku nemi ganin likita da rana, a natse, ba a ɗakin gaggawa ba, ku ce a duba waɗannan. Ta kuma shaƙi maganinta a gabansa ya gani, don sau da yawa maganin daidai ne, yadda ake shaƙar ne ya lalace, yana tsayawa a baki bai kai huhu ba.

Akwai kuma alamomin da ba a tsayawa tunanin ko tsoro ne: ta kasa haɗa jimla ɗaya saboda haki, leɓe ko harshe ya canja launi, ta rikice ko ta riƙa gyangyaɗi ba dalili, ciwon ƙirji mai tsanani, tari da jini, zazzaɓi tare da kaki da ya ƙaru ko ya canja launi, ko kuma ta shaƙi magani yadda aka tsara bai yi aiki ba. Waɗannan asibiti ne nan take, ko da sau goma kun je a baya an ce ba komai.

Daga nan sai a duba ranta. Tambaya biyu muke fara yi mata. A cikin mako biyun da suka wuce, kin yawaita jin ƙunci ko yanke ƙauna? Kin daina jin daɗin abubuwan da kike so a da? In ta amsa da e ga ko ɗaya, a zurfafa bincike. Manya da yawa ba za su ce miki suna cikin damuwa ba. Za su ce jiki ba daɗi, abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa. In kuwa kin taɓa jin ta ce gara ta tafi ta huta, ko ta zame muku nauyi, kada ki kawar da zancen. Ki tambaye ta kai tsaye, cikin ladabi, ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, kuma in ta ce e, ranar za a kai ta wurin likita.

Abin da yake taimakawa

Na farko shi ne ta samu abin yi a lokacin da abin ya taso, domin babban abin da ke ciyar da firgici shi ne jin cewa ba ta da dabara. Ta tashi zaune, ta ɗan sunkuya gaba ta dafa gwiwoyinta ko tebur, ta saki kafaɗu. Ta ja numfashi ta hanci a hankali, ta fitar ta baki da leɓe a tsuke kamar mai hura kyandir, fitarwar ta ninka shigarwar tsawo. Hankalinta ya koma kan fitarwa, shigar za ta zo da kanta. Tsuke leɓen yana riƙe ƙananan hanyoyin iska a buɗe har tsohuwar iskar ta samu fita. A kunna ƙaramar fanka ko a yi mata fifita iskar tana bugun hanci da kumatu, wannan yana rage jin sarƙewar, kuma an gwada shi a asibitoci an ga amfaninsa. Amma sai ta riƙa koyon wannan da rana lokacin da take lafiya, kullum, har ya zama jiki. Ba a koyon sabon abu a tsakiyar firgici. Ke kuma da kike kanta, ki zauna kusa, ki rage murya, ki riƙa fitar da naki numfashin a hankali tana bin ki. Taron mutane a kanta kowa yana kururuwa yana tabbatar mata ne cewa mutuwa ta zo.

Ku roƙi likita ya rubuta mata tsari a takarda ɗaya: ga maganin kullum, ga abin da za ta yi in ciwon ya fara motsi da yawan fesawar da aka yarda, ga alamomin tafiya asibiti. Takardar nan tana ɗauke mata nauyin yanke hukunci da ƙarfe biyun dare.

Game da na'urar yatsa, ni ra'ayina a rage ta. Lambarta tana hawa tana sauka da sanyin hannu, da motsi, da fentin farce, kuma duk saukar da ta yi da maki ɗaya gaban Mama zai faɗi. Masu COPD da yawa 88 zuwa 92 ne ma'aunin da likita yake nema musu, sai su ga 91 su ɗauka sun shiga uku saboda sun ji ana cewa sai 95. Sannan wani bincike da aka buga a Amurka a Disamba 2020 ya nuna na'urar takan nuna lamba sama da ta gaskiya a jikin masu baƙar fata. Ke nan ba abin dogaro ba ce ta kowane ɓangare: ƙaramar lamba ba kullum ce haɗari ba, kyakkyawar lamba kuma ba ta soke alamomin da na lissafa. Likita ya gaya mata nata ma'aunin, ta auna sau ɗaya a rana ko in ta ji canji na gaske, sauran lokaci na'urar ta zauna a aljihun tebur. Kada a ƙwace da ƙarfi, a yi yarjejeniya da ita.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne motsi. In akwai asibitin da ke da shirin farfaɗo da masu ciwon huhu, wanda yawanci mako 6 zuwa 8 ne na motsa jiki da koyarwa a ƙarƙashin kulawa, ku nema mata. Yana cikin abubuwan da aka fi tabbatar da amfaninsu, yana rage haki, yana kuma rage fargaba da ƙunci. In babu, ku fara da yardar likita: tafiyar minti biyar a fili mai iska, tashi da zama daga kujera, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako. Abin da take buƙatar ta gani da idonta shi ne ta yi haki, ta tsaya, ta yi numfashin da ta koya, ya wuce, ba abin da ya same ta. Hakin motsa jiki ba ya lalata huhu. Haka ma mutane: a fara da jika ɗaya mai lafiya a waje, sai baƙo ɗaya da take ƙauna, sai gajeriyar fita. Duk matakin da ta ɗauka ta dawo lafiya yana rage wa tsoron ƙarfi, duk wanda ta gudar wa kuma yana ƙara masa.

In abin ya yi zurfi, akwai masana lafiyar ƙwaƙwalwa da ke koyar da yadda ake kama tunanin da ke tayar da firgici a gyara shi ta hanyar tattaunawa, kuma yana aiki ga masu ciwon huhu. Akwai magunguna irin sertraline da ba sa danne numfashi, sai dai sukan ɗauki makonni kafin a ga tasirinsu. Ina roƙon ki da babbar murya kada wani ya saya mata maganin barci ko na kwantar da hankali ba da takardar likitan da ya san huhunta ba. Diazepam da danginsa, da kodin da tramadol, suna rage ƙarfin numfashi, suna iya zama haɗari ga mai COPD. Propranolol da ake ba wasu don bugun zuciya na fargaba yana iya shaƙe mai asma.

Sai maganar baki. "Ba komai, ki cire abin a ranki" ba ta taɓa cire komai ba, tana dai koya mata ta daina gaya muku. Wanda ya fi ciwo shi ne a ce mata tawakkalinta ne ya yi rauni. Mace ce da ta sha jin iska ta yanke mata, tsoronta yana da tushe, kuma addu'a da neman magani ba sa karo. Ki ce mata, "Mama, na san abin da ban tsoro, ina nan, mu fitar da numfashin tare."

In wata annobar ta zo

A kare ta, ba shakka, amma wannan karon da ita za a zauna a tsara. Ku tambaye ta me ba za ta iya rayuwa babu shi ba, sannan a nemo hanyar da ta fi aminci ta yinsa, maimakon a soke komai. Cutar da ke bin iska ta fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki mai cunkoso, don haka zama a waje ko a buɗe tagogi, da tazara da takunkumi, ya fi a hana ta ganin fuskar kowa. Mai mura ko tari ya dakata har ya warke. Gwaje-gwajen da aka yi wa masu COPD sun nuna takunkumin asibiti na yau da kullum ba ya rage musu oksijin yadda zai cutar, zafi da jin ƙuncin ne ke tayar da hankali, kuma ana sabawa in aka fara sa shi na 'yan mintuna a gida.

Ta ci gaba da maganin shaƙarta na kullum. A farkon korona wasu sun ajiye nasu bisa jita-jitar cewa yana raunana garkuwar jiki, ciwonsu ya tashi, suka ƙare a asibitin da suke gudu. A tanadi magani da zai kai aƙalla wata guda, a samu lambar da za a kira asibiti, a yi rigakafin da likita ya ba da shawara, kamar na mura mai zafi da na ciwon namoniya. Labarai sau ɗaya a rana sun isa, daga majiya mai tushe, ba da daddare ba, kuma 'yan'uwa su daina tura mata hotunan marasa lafiya da saƙonnin mutuwa a waya. Tafiyarta ta kullum ba ta tsayawa, ko a tsakar gida ne. A bar mata wani aiki da ake dogara da ita a kai, domin wanda aka mayar abin lallaɓawa kawai yakan fara ganin kansa a matsayin kaya. Duk dokar da aka sa mata kuma a sa mata ranar da za a sake dubawa, ko bayan mako biyu ko wata, a tambayi likita ko har yanzu tana da amfani.

Ke ma ki duba kanki. Mai jinya da ta yi shekaru tana tashi tsakar dare tana iya kamuwa da irin wannan fargaba, kuma Mama tana karanta fuskarki kafin ta karanta na'urar. Ki raba kwanan da sauran 'yan'uwa, in kuma barcinki ya lalace ko kina yawan kuka, ki faɗa wa likitan a ranar da kuka je, a duba ku tare.